Hatsi Mai Zuma da Saniyar Habbanaye

Mu ba mutanen shanu ba ne. Kakannina manoman gyaɗa ne da hatsi a kwarin Maraɗi, kuma iyakar dabbar da na tashi na gani a gidanmu jaki ne mai baƙin hali da ƴan awaki. Da gona ta yi mana kaɗan a can, baffana, ƙanen mahaifina, ya kwashe mu muka hauro Dakoro, inda mutum ke sare daji iya ƙarfinsa. A lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Na yi aure, na tsai da ɗan gemu, ina ganin ba abin da ya rage mini a duniya sai saniya.

Saniyar ta zo ta hannun wani Bafillace da muke shiri. Kowace kaka, in an gama girbi, yakan sauke garkensa a gonata, shanu su ci kara su bar mini taki, ni kuma in auna masa hatsi. Tsokanar juna muke yi kamar taubasai. Shi yana cewa ban san gaban saniya da bayanta ba, ni ina cewa da za a ba shi zaɓi da a cikin garke zai kwana ya bar matarsa. Wata shekara, suna shirin hawa arewa wajen Tagriss cin damina, sai ga shi da safe yana jan wata karsana ja mai dogayen ƙahoni. Ya sa mini igiyar a hannu ya ce habbanaye ce. Na karɓa na ja ta zuwa gida.

Wanda bai zauna da Fillani ba zai ɗauka aro ne kawai. Ana ba ka saniya ka riƙe, ka sha nononta, ta haihu a hannunka ƴaƴan su zama naka, sannan ka mai da uwar ga mai ita. In ta mutu a wurinka, Allah ne ya karɓi abinsa, ba mai tambayarka. To wannan rashin tambayar shi ne nauyin abin. Saniyar habbanaye ba a dukanta, ba a zaginta, ita ake fara shayarwa a rijiya, kuma duk wani abin daɗi na dabba da ya shigo gida bakinta yake fara zuwa. Matata ta riƙe wannan ƙa'ida fiye da Fillanin kansu. Jakinmu har rama ya yi don baƙin ciki.

Da ta ɗauki cikin fari aka yi wata damina mai tsawo. Ruwa bai ɗauke ba har hatsi ya fid da kai yana fure, kullum gari a lulluɓe, raɓa har hantsi. Sai muka ga wasu zangarniyoyi suna tsattsafo da wani ruwa mai danƙo kamar zuma, ƙudaje na bin su. Da ya bushe, maimakon tsaba sai ga wasu baƙaƙen ƙwayoyi masu tauri. Mu dai darɓa muke ce wa duk wani danƙo da ya kama hatsi, ba mu bambantawa. Wajen ɗaurin dami aka ware su gefe, don mata sun ce suna ɓata fura. Amma a gidan manomi ba a zubar da hatsi ko ya lalace, abin da mutum ya ƙi na dabba ne. Tunda kuwa waɗannan da ɗan zaƙi gare su, ko shawara ba a yi ba a kan wa za a ba. Maƙwabta ma, don girmama amanar da ke gidana, suka riƙa turo nasu. Saniya ta yi kwanaki tana cin hatsi mai zuma, jaki na kallo.

Wata safiya na fita in kwance ta, na tarar da ita tsaye tana kallon sama. Ba irin kallon da dabba ke yi ba in ta ji motsi. Kunnuwanta a miƙe, idanunta sun buɗe sun yi baƙi wuluk, tana bin wani abu da ido a hankali, daga kan danga zuwa kan rumbu, ya sauko, ya gitta ta gabana. Har na waiwaya in ga mene ne. Ba tsuntsu, ba hayaƙi, ba komai sai sarari. Na kira ta, ba ta ko juyo ba, ita da ke jin tarina daga bayan gida ta amsa.

Da na kwance igiyar sai ta fara tafiya tana ɗaga ƙafa sama-sama, tana saukewa da lalube, alhali tsakar gidan sharar safe ma ba ta ɓaci ba. Ta yi haka har bakin rumbu, ta tsaya, ta sunkuyar da kai ga ƙasar da ba komai, ta yi wani kuka can cikin maƙogwaro. Na san wannan kukan, na sha jin sa a garken abokina. Shi ne wanda saniya ke yi wa ɗan maraƙinta sabon haihuwa. Ita kuwa ba ta taɓa haihuwa ba. Ta fiddo harshe tana lasar iska, a natse, daidai tsayin da bayan maraƙi zai kai. Can kuma sai ta kaɗa kai da sauri kamar mai fid da ruwa daga kunne, fatar jikinta ta yi rawa, ta koma ga kallonta.

Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Amma abin da ya fi tsoron ƙarfi mamaki ne. Na tsaya riƙe da igiya kamar an dasa ni. Ban taɓa tunanin akwai wani abu a cikin kan saniya ba bayan ciyawa da ruwa. Ga shi tana wata duniya, tana hidima a can, mu ne ba ma ciki.

Kafin hantsi gidana ya cika. Kowa da tasa, wannan ya ce iska ce ta shafe ta, wancan ya ce mahaukacin kare ne ya cije ta a daji. Baffa bai tsaya jin su ba. Ya zagaya ta, ya ga yadda ƙafafunta na baya ke rawa, ya koma gida. Da ya dawo, wuƙa ce a hannunsa da dutsen washi.

Ya ce, "Ɗana, dabba in ta kama hanya, wuƙa ce gatanta. Kada ka bari ta zama mushe bisa hannunka."

Na ce, "Baffa, ba tawa ba ce."

"Shi mai ita da shina nan, mi kake tsammani za shi yi? Yankawa za shi yi."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa maganar ta yi mini ciwo. A al'adarmu ba abin da ya kai barin dabba ta mutu ba yanka muni, an yi asarar rai an yi ta nama. In na yanka ba mai zargina, har abokina. In na hana ta mutu, ni ne yaron da ya ƙi jin maganar babba, gari kuma ba zai manta ba. Amma na dubi saniyar nan tana lasar ɗan da ba a haifa ba, na ji hannuna ba zai iya riƙe mata ƙaho a sa wuƙa ba. Taurin kai dama gadonsa na yi, a wurin baffan kansa. Na ce a jira lokotoro, wato likita.

Lokotoron dabbobi na Dakoro a lokacin saurayi ne ɗan ƙasa, wanda ya karɓi wurin Baturen da ya tafi. Ya yi lakwal, karatun boko mai nisa, har an ce ya taka Faransa. Makiyaya ba su cika son sa ba, don shi ke bin garke da allura yana huda wa shanu kunne. Baffa ya tuna mini cewa mutumin nan da bindiga yake yawo, in ya ce haukan kare ne harbe ta zai yi a binne, ko fata ba za mu gani ba. Wannan ma gaskiya ne. Ni kuma na san in na ba da baya na tafi kiransa, kafin in dawo an feɗe ta. Matata ta karanci abin a fuskata. Ta yafa zane ta fita kiransa, ita da ko kasuwa ba ta cika zuwa ba.

Ya zo a kan keke, yana gumi, ba bindiga. Ya gai da baffa har ƙasa, abin da ya ɗan sassauta tsohon. Ya sa aka kawo ruwa a ƙwarya, saniya ta yi ta kallon ruwan kamar ba ta taɓa ganin irinsa ba, sannan ta sha. Ya buɗe bakinta, ya shafa ƙafafunta, ya nemi tabon cizo bai samu ba. Ya tambayi abin da take ci, matata ta nuna masa tarin zangarniyoyin da ke jikin danga. Ya ɗauki ɗaya ya murje a tafin hannu, ya daɗe yana duban baƙaƙen ƙwayoyin nan. Daidai lokacin saniya ta sake kaɗa kai irin na ɗazu. Sai na ga mutumin ya saki zangarniyar ya tsuguna, ya zuba mata ido, bakinsa a ɗan buɗe. Mamakin da ke fuskarsa irin nawa ne sak.

Ya ce a kwashe hatsin nan daga gabanta, a kai ta inuwa, a yi ta ba ta ruwa, kowa kuma ya rage murya. Baffa ya tambaye shi kai tsaye ko za ta tashi.

Ya ce, "Baba, ban yi maku alkawali ba. Amma wanga ba hauka ba ne, ba kuma iska ba. Abin da ta ci ne shina aiki cikin kanta. In ya hita, tana iya dawowa."

Muka zauna gindin aduwa, saniya a gabanmu, baffa da wuƙarsa a kan cinya. A nan lokotoro ya ba mu labarin da har yau nake juya shi. Ya ce baƙaƙen ƙwayoyin nan ba hatsi ba ne, wata irin funfuna ce da ke shiga furen hatsi a shekarar danshi ta zauna a madadin tsaba. A ƙasar Turawa akwai ƴar'uwarta da ke kama irin nasu hatsin, kuma daga cikinta masana suka fitar da wani magani wanda in mutum ya sha ɗan abin da bai kai kan allura ba, sai ya ga abin da babu, launuka su yi ta motsi, bango ya yi numfashi. Ya ce namu ba shi ba ne, dangi ne dai. Tunda ba a iya tambayar dabba abin da ta gani, sai masanan su ba ɓeraye maganin su zauna suna kallo. A can ya taɓa ganin haka da idonsa. Ɓeran sai ya riƙa kaɗa kai farat ɗaya, ya tsaya, ya sake, kuma da wannan kaɗa kan ake gane maganin ya kama. Ya ce bai taɓa zaton zai ga irinsa a jikin saniya ba, a tsakar gidan manomi a Dakoro.

Baffa ya ce, "Kusu? Manyan mutane su zamna suna kallon kusu?" Har ya yi ƴar dariya, ya ce lalle Turawa sun ƙoshi.

Ni kuwa na matsa kusa, na tambaye shi yadda abu zai shiga ta baki ya je ya canja abin da ido ke gani. Sai ya share ƙasa da tafin hannu ya tona ƴan gurabu irin na dara. Ya ce a cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ruwa da jiki ke yi da kansa, ɗan aike ne tsakanin jijiya da jijiya, sunansa serotonin. Sai da ya maimaita mini sunan har bakina ya kama. Ya ce ɗan aiken nan yana da gurbinsa, in ya faɗa ciki saƙo ya isa. Ya jefa tsakuwa a gurbi ɗaya. Sannan ya ɗauki baƙar ƙwayar hatsin nan ya jefa a na kusa da shi, ta zauna daidai. Abin da ke cikin funfunar, in ji shi, ƙirarsa ta yi kama da ta ɗan aiken, har gurbin ba ya bambanta su. Ya ce masana na can suna gardama, wasu na cewa baƙon toshe gurbin yake yi, wasu na cewa shiga yake ya isar da saƙon da ba wanda ya aiko. Shi bai san mai gaskiya ba, kuma bai ji kunyar faɗin haka ba.

Na tambaye shi girman gurbin. Ya ce ba idon da ya taɓa ganin sa, har da madubin likita, da aikinsa kawai aka san yana nan. Na ce to na ɓera ne ko na saniya. Ya ce ɗan aiken ɗaya ne a ɓera, a saniya, a ni, a baffa.

Wannan ita ce maganar da ta kashe mini jiki. Na dubi gonakin da ke bayan danga, da rumbuna, da hannuna, na ce ashe duk abin nan da nake rantsuwa na gani, ta wasu ƙofofi yake shigowa waɗanda ba su kai ƙwayar ƙasa ba. Ashe tsakanin duniyar da muke zaune da wadda saniyar nan take ciki ba wani nisa, ƴar funfunar da ruwan sama ya haifar ta isa ta kai ka. Kuma Wanda ya tona gurbin a kan ɓera shi ya tona shi a kaina, bai canja awo ba. Na sha jin malamai suna wa'azin ikon Allah, amma ban taɓa jin sa ya taɓa ni kamar ranar ba, a bakin saurayi mai gajeren wando. Baffa ma ya ce Allah mai iko, ya gyara hularsa.

Wajen azahar ƙafafunta suka kasa ɗaukar ta. Ta durƙusa, ta kife gefe ɗaya, ta miƙe wuya a ƙasa tana numfashi sama-sama. Wannan kwanciyar kowane mai dabba ya san ta. Baffa ya miƙe da wuƙa, wasu maza suka matso don su juya ta gabas. Ban san lokacin da na isa ba, sai dai na gan ni zaune a ƙasa na rungume wuyanta, daidai inda wuƙar za ta bi.

Baffa ya ce, "Tashi, ɗana. Kada ka sa in yi maka baki."

Na ce, "Baffa, ka yi mani gahwara. In mushe ne, a ce mushena ne."

Ban taɓa mai da masa magana a gaban mutane ba. Ya dube ni, ya dubi lokotoro. Tsohon ya tsaya a kaina har na ji inuwarsa ta yi mini nauyi, sannan ya koma gindin aduwa ya zauna. Bai mai da wuƙar kube ba.

Haka na zauna, inuwa ta gusa rana na dukana, kanta a kan cinyata. Ta nan na ga idonta kusa da kusa. Ina ganin kaina a ciki, ɗan ƙarami, da aduwar a bayana, amma ita ba ni take gani ba. Idon na tafiya a hankali yana bin abinsa. Na yi ta son in san mene ne, ko makiyayar arewa ce da ta taso a ciki, ko wani abu da ba shi da suna a bakin mutane. Matata na ɗiga mata ruwa a baki da ludayi. Mutane suka gaji suka fara zamewa.

La'asar ta yi sanyi sai na ji maƙogwaronta ya motsa a hannuna, wani ƙullutu ya hauro. Ta ɗaga kai, ta tattara ƙafafu ta gyara kwanciya irin ta shanu, ta fara tuƙa. Lokotoro ya sauke ajiyar zuciya ya ce dabbar da ke tuƙa ta dawo gida. Baffa ya tashi ya kakkaɓe riga, ya ce shi dai bai ga ta tashi ba tukuna, ya tafi. Sai da ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwata da kyau, amma shi ya fara bin gidajen unguwa yana cewa a ƙone hatsi mai zuma, kada a ba dabba, kada a ba yara.

Ba ta warware lokaci ɗaya ba. Ta ɗan jima tana tangaɗi, tana firgita da inuwarta, lokotoro kuma ya gargaɗe ni cewa tana iya zubar da cikin. Yakan biyo da kekensa ya duba ta, mu zauna mu yi ta kallonta kamar masu jiran ta ba mu labari. Cikin dai bai zube ba.

Da kara ya bushe a gonaki Fillani suka gangaro daga arewa. Na hangi garken abokina tun daga nesa na ga ya ragu, shi kansa ya rame. Bayan gaisuwa na zaunar da shi na kwashe labarin duka na faɗa masa, da hatsin, da wuƙar, da gurabun da aka tona a ƙasa. Na yi zaton zai tsokane ni ya ce dama ya faɗa, manomi bai iya riƙon saniya ba. Bai tsokane ni ba. Ya tashi ya je wurinta, ya kira ta da irin kiransu, ta amsa. Ya ɗora tafin hannu a kan cikinta ya daɗe bai ɗauke ba.

Ya ce, "Aboki, da ka yanka ta da ban tambaye ka ba, ka sani."

Na ce na sani.

"Ciwon huhu ya shiga garkenmu bana. Uwarta ta tahi, da ƴan'uwanta duka. Saniyar da babana ya ba ni ran suna, ita ce kakarsu. Wagga ɗai ta rage."

Ya juya mini baya, don Bafillace ba ya bari a ga hawayensa. Ni ma na sami abin yi, na ɗauki guga na tafi ɗebo mata ruwa.